Tsakanin Ƙasashen Waje Da Wajen Kano: Aikin Sa Kai Domin Yara

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da matasan ma'aikata a Fagge



An ba mu dama mu yi magana a kan aikin sa kai, watau aikin da mutum yake ɗora wa kansa domin amfanin jama'a ba da jiran albashi ba, musamman koyar da yara da matasa a wuraren da ilmi ya yi ƙaranci. Mun lura cewa duk sa'ad da wannan zance ya taso a ɗakunan kwananmu, hankalin yawancinmu yakan tafi ƙasashen waje. Wane ya cike takarda a intanet, wance tana neman ƙungiyar da za ta kai ta Gambiya ko Ruwanda ta koyar na 'yan watanni. Wannan buri ba abin zargi ba ne. Sai dai mu mutanen Kano muna da wata ma'ana ta kalmar waje wadda ya kamata mu tuna. Tun zamanin Turawa, unguwannin da ke bayan ganuwa, su Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada da Gwagwarwa, sunan da ake kiransu da shi ke nan, Waje. To, abin da muka zo faɗa a yau shi ne, duk mai son yin aikin sa kai a waje, ga Waje nan kusa, kuɗin Adaidaita Sahu kaɗai ya raba shi da ita. Kuma aikin, ko a can aka yi shi ko a nan, ba ya haifar da ɗa mai ido sai an riƙe shi a matsayin alkawari mai ɗorewa.

Bari mu fara da duba waɗanda suka riga mu ƙetare teku domin wannan aiki, mu ga abin da za mu koya daga gare su. A shekarar 1958 aka kafa ƙungiyar VSO a Ingila, wadda ta riƙa tura samari da 'yan mata zuwa ƙasashen Afirka da Asiya. A 1961 kuma Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa Peace Corps, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka karɓi mutanenta. Da yawa daga cikinsu sun koyar a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai na Arewa a lokacin da malamai suka yi mana ƙaranci, har yau kuma akwai dattawa a garin nan da suke tunawa da wanda ya koya musu lissafi ko kimiyya daga cikinsu. Abin da ya sa aka amfana da su shi ne sun zauna. 'Yan Peace Corps shekara biyu suke yi, suna shiga aji kullum, wasu har Hausa suka koya.

Amma a wannan shekara ta 1961 wani abu ya faru a Ibadan wanda shi ma darasi ne. Wata budurwa daga cikin waɗannan baƙi ta rubuta wa wani abokinta kati, ta siffanta ƙazanta da talaucin da ta gani da kalmomi masu zafi. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'ar, suka yaɗa shi, suka yi zanga-zanga, ala tilas ta bar ƙasar. Ɗalibai irinmu ne suka nuna wa duniya a ranar cewa talaka yana da mutunci, kuma wanda ya zo taimako bai sami lasisin raini ba. Lalle ne mu riƙe wannan, domin yau mu ne za mu shiga lungunan da wasunmu ba su taɓa shiga ba, da waya mai ɗaukar hoto a aljihu.

Daga baya aikin sa kai na ƙetare ya zama kasuwa a wasu wurare. Matasa daga ƙasashe masu arziki sukan biya kuɗi a kai su gidajen marayu a Kambodiya ko Nepal su yi mako biyu. Bincike ya nuna cewa yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, an raba su da gida ne domin baƙi su sami abin tausaya wa. Abin ya kai ga a 2018 ƙasar Ostareliya ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'i na bautar zamani. Yaron da yake sabawa da sabon malami duk bayan mako biyu, abin da yake koya shi ne kowa tafiya zai yi ya bar shi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, raɓa kuwa ba ta raya shuka.

Ita ma Nijeriya tana tura nata. A 1987, zamanin mulkin Janar Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, aka kafa shirin TAC na aika malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Pasifik, su yi shekara biyu. Ƙwararru ake ɗauka, waɗanda suka riga suka iya aikin. Saboda haka ko ga mai burin ƙetarewa, hanyar tana bi ta gida ne. Wanda bai taɓa zama da yara goma ya koya musu baƙi da wasali ba, me zai kai wa yaran wata ƙasa?

Kada kuma mu ɗauka cewa Turawa ne suka kawo mana wannan ɗabi'a. A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru. Takan zaɓi mata dattijai masu hankali, ta naɗa su jaji, ta ba su malfa alamar muƙaminsu, su riƙa kai da kawowa tsakanin ƙauyuka da wurinta, suna ɗaukar karatu suna kai wa matan karkara. Ba albashi suke karɓa ba, kuma aikin ya ci gaba bayan rasuwarta, domin an gina shi bisa tsari da amana. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci, inda duk wanda ya ɗan iya karatu da rubutu yakan tara manya da yamma ya koya musu, ana buga musu ƙananan littattafai a Zariya. A nan Kano, gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya a 1980, azuzuwan dare suka bazu a birni da ƙauye. Ashe gado ne muke da shi, sai dai a tambaye mu yadda muka riƙe shi.

To, yaya Wajen take a yau? Fagge tun asali zango ce ta fatake da ayarin raƙuma daga Azbin da Agadas. Sabon Gari kuwa an kafa ta ne bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A wannan ƙaramar hukuma ake samun Kantin Kwari da kasuwar Singa da kasuwar Sabon Gari, inda dukiya mai yawa take juyawa kowace rana, har 'yan kasuwa suna zuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru. A gindin wannan dukiya kuma akwai yara: mai turin baro, mai tsaron shago, mai tallan ruwan leda, almajiri da robarsa, yarinya da farantin gyaɗa a ka da hantsi, lokacin da tsararrakinta suke aji. Duk wanda ya bi titin Ibrahim Taiwo ko ya ratsa ta Faransa Rod ya gan su.

Gwamnatoci sun yi ta yunƙuri. An ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka sake ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Jihar Kano ta ayyana ilmi kyauta kuma dole a 2019, a 2024 kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk da haka, ƙiyasin da UNESCO ta fitar a 2022 ya nuna yara da matasa kimanin miliyan 20 ne a Nijeriya ba sa makaranta, kuma kowa ya san Arewa ce ta ɗauki kaso mafi girma.

Akwai kuma wata cuta da ba a ganinta daga bakin titi, ita ce ta yaron da yake cikin aji amma karatu ya wuce shi. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Yadda abin yake faruwa ba ɓoyayye ba ne. Malami ɗaya ne a gaban aji mai cunkoso, manhaja tana kora shi, dole ya gama abin da aka tsara wa zangon. Yaron da bai kama haruffa a aji ɗaya da aji biyu ba, haka za a ciyar da shi gaba. A aji biyar sai a same shi yana kwafar abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, alhali bai san abin da ya rubuta ba. Daga nan sai ya fara jin kunya, sai fashi, sai uban ya ga gara ya kai shi kasuwa. Wannan yaro bai rasa ƙwaƙwalwa ba. Abin da ya rasa shi ne mutum ɗaya da zai zauna da shi ya koma da shi inda aka baro shi.

A nan ne aikinmu yake, kuma an riga an gwada shi a wasu wurare. A ƙasar Indiya, ƙungiyar Pratham ta ɗauki 'yan mata na unguwa waɗanda iyakar karatunsu sakandare, ta ba su ɗan horo, suka riƙa ware yaran da aka bari a baya suna koya musu na sa'a biyu kullum. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka auna wannan aiki, suka tabbatar yaran sun ci gaba, musamman mafiya rauni. Daga nan aka sami hanyar koyar da yaro daidai matsayinsa, wadda aka fara gwadawa a Jihar Kano a 2019 a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil. In 'yar sakandare ta iya, ɗalibin jami'a ba shi da hanzari.

Hanyar kuwa mai sauƙi ce. Za a zauna da kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, a nuna masa takarda mai haruffa da kalmomi da ɗan sakin layi da gajeren labari, a ga inda ya tsaya. Haka kuma a lissafi, daga gane lambobi zuwa tarawa da ɗebewa da sau da rabawa. Sai a raba yaran rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba a duba ajinsu ko shekarunsu. Masu haruffa su zauna wuri ɗaya, masu kalmomi wuri ɗaya. A fara da Hausa, ko harshen da yaron ya fi ji, domin wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshensa ba ya shan wuya in ya zo Turanci. Kayan aiki ba su wuce alli da kwali da tsinken tsintsiya da marafan kwalba na ƙirga ba. Bayan 'yan makonni a sake gwada su, wanda ya wuce a matsar da shi gaba, a rubuta komai a littafi.

Yanzu sai sharuɗɗan da muke ganin in babu su gara kada a fara.

Na farko, a shiga ta ƙofa. A gai da mai unguwa, a nemi iznin hedimasta da kwamitin iyaye, a sami hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma da bayani. Malaman firamare da za mu tarar sun shekara da shekaru suna fama da abin da mu za mu taɓa na sa'a biyu a mako. Mu je musu a matsayin ƙanne masu kama aiki. Wanda ya shiga makarantar mutane yana nuna shi ɗan jami'a ne, ranar da ya fita za a share abin da ya rubuta.

Na biyu, a yi alkawarin da za a iya cikawa. Gara mutum ya ce Asabar kaɗai zai riƙa zuwa, ya yi shekara bai yi fashi ba, da ya ce kullum, ya ɓace bayan mako uku. Mu ɗalibai muna da jarrabawa da hutu, ma'aikata kuma ana yi musu canjin wurin aiki. Saboda haka kowane rukunin yara a ba shi mutum biyu, ɗaya ɗalibi, ɗaya mazaunin unguwar, ko ma'aikaci ko ɗan hidimar ƙasa, yadda in ɗaya ya tafi karatu ba zai tsaya ba. Alkawari kaya ne, kuma wanda aka yi wa yaro ya fi kowanne nauyi, don shi ba ya mantuwa.

Na uku, a girmama ilmin da yaro ya zo da shi. Almajirin da ya yi shekaru a tsangaya ya san harafi, ya san zama gaban malami, ya iya hadda fiye da yawancinmu. Kuskure ne babba a kira shi jahili. A sami alaramma, a nemi yardarsa, a zaɓi lokacin da ba zai ci karo da karatun allo ba, alal misali ranar Alhamis da ake hutu. Haka yaron shago, wanda yake lissafin yadi da canji da ka, abin da yake bukata shi ne a nuna masa yadda ake rubuta abin da ya riga ya sani, kuma sai an roƙi maigidansa ya sake shi na sa'a ɗaya.

Na huɗu, 'yan'uwanmu mata su ne ƙashin bayan wannan aiki. Akwai gidajen da namiji iyakarsa zaure, mace kuwa har ɗaki za ta shiga ta zauna da uwar yarinya. Uwar da take ɗora wa 'yarta talla ba ƙin ilmi take yi ba, da ribar ake cefane, da ita ake tara kayan ɗaki. Wa'azi ba zai sauke farantin ba. Abin da zai yiwu shi ne a daidaita da ita a kan lokaci, a sami sa'ar da yarinya za ta zauna, har uwar ta ga amfanin abin da idonta.

Na biyar, a tsare mutuncin yara da lafiyarsu. Kada babba ya keɓe da yaro a rufaffen ɗaki. Kada a yi duka. Kada a saba musu da rabon kuɗi ko alewa, don kada su riƙa zuwa saboda abin hannunmu. Kada kuma a ɗauki hoton ɗan wani da yagaggiyar riga a watsa a Facebook domin a yaba mana. Mu tuna da katin Ibadan. Abin da ba mu yarda baƙo ya yi mana ba, bai kamata mu yi wa na ƙasa da mu ba.

Akwai wata riba kuma da ta keɓanta da wannan yanki. Fagge da Sabon Gari maƙwabta ne, amma tarihinsu yana da tabo. A watan Mayu na 1953 an yi kwanaki ana faɗa a tsakaninsu, rayuka suka salwanta, an kuma sake ganin irin wannan a 1966 da 1991. Har yau akwai yaron Fagge da bai taɓa zama tabarma ɗaya da yaron Sabon Gari ba, alhali dukansu a Kano aka haife su, dukansu Hausa suke yi a kasuwa. Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 domin matasa su san juna bayan yaƙin basasa. Mu ba sai mun jira an tura mu wata jiha ba. In ɗalibi Bahaushe ya koyar a Sabon Gari, ɗaliba Bayarabiya ko 'yar ƙabilar Ibo ta koyar a Fagge, yaran za su tashi da sanin cewa wani daga can ya taɓa nufinsu da alheri. Irin wannan sani yakan yi amfani ranar da masu hura wuta suka zo neman wanda za su ba ashana.

Mun san wasu za su ce wannan aikin gwamnati ne, kuma in muka ɗauka mun sauke mata nauyi. Gaskiya ne gina azuzuwa da ɗaukar malamai da biyansu a kan lokaci hakki ne a wuyan hukuma, kuma babu aikin sa kai da zai maye gurbinsu. Amma yaron da yake aji huɗu bana ba zai tsaya yana jiran kasafin kuɗi ba, baɗi yana aji biyar, bayan shekara biyu ya fita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daɗin daɗawa, wanda ya zauna da yara ya rubuta abin da ya gani, shi ne yake da bakin yi wa hukuma magana da hujja. Yayyenmu ma'aikata da ke zaune a nan, waɗansunku gobe ku ne daraktoci da manyan sakatarori. Jami'in da ya taɓa durƙusawa gaban yaro ɗan shekara goma sha biyu yana nuna masa bambancin ba da da, ba zai sa hannu a takardar ilmi da wasa ba.

Wasu kuma za su ce babu lokaci. A 2022 yajin aikin malaman jami'o'i ya zaunar da ɗalibai a gida wata takwas. A ƙasar Kuba, cikin shekarar 1961 kaɗai, matasa kimanin dubu ɗari suka bazu ƙauyuka, suka zauna a gidajen manoma suna koya musu karatu, kafin shekara ta ƙare yawan marasa karatu ya sauko daga sama da kashi 20 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Ba muna cewa za mu yi irin nasu ba, don su gwamnati ce ta tsara ta kuma ɗauki nauyi. Muna cewa ne wata takwas lokaci ne mai yawa, sa'a biyu a mako kuma ba ta fi ƙarfin kowa a ɗakin nan ba.

Ya 'yan'uwa, kowane ɗayanmu da ya kai jami'a, da kuɗin jama'a aka gina ajin da yake zama, har da harajin ɗan dakon da ɗansa bai iya rubuta sunansa ba. Bashi ne a kanmu. Abin da muke roƙo shi ne, kafin a watse, duk mai niyya ya rubuta sunansa da unguwarsa da ranar da zai iya bayarwa, ya kuma rubuta har zuwa wane wata. Wanda bai tabbata ba ya dakata tukuna, babu laifi. Mutum ashirin masu cika alkawari, kowane biyu da yara goma sha biyar, yara ɗari da hamsin ke nan. In Allah ya kai mu ƙarshen shekara, sai mu dawo nan da littattafanmu, mu faɗi yara nawa suka tashi daga harafi zuwa labari. Wanda kuma Allah ya nufa da ƙetare teku daga baya, zai tafi da sana'a a hannunsa.

Allah ya yi mana jagora, ya shirya mana zuriya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.